Me taurarin gidan abinci a intanet suke aunawa?

Duk wanda ya buɗe Google Maps a Bauchi yana neman inda zai ci abinci zai ga lamba a ƙarƙashin sunan kowane wuri, 4.3 ko 3.8, da taurari a gefenta. Wannan lamba matsakaicin makin da masu cin abinci suka bayar ne. Kowa yana zaɓa daga tauraro ɗaya zuwa biyar, sai manhajar ta fitar da matsakaici. Babu wani jami'in lafiya da ya shiga kicin ya buɗe tukunya. Ra'ayin waɗanda suka ga dama suka danna waya ne kawai.

Ta nan karkata take shigowa, domin ba duk wanda ya ci ne yake rubutawa ba. Waɗanda suka fi ɗaukar waya su ne wanda daɗi ya ratsa shi da wanda ransa ya ɓaci. Magidancin da ya shekara yana karyawa wajen mai masa a Wunti, ya ƙoshi, ya biya, ya wuce kasuwa, ba ya rubuta komai, alhali shi ya fi kowa sanin wurin. Shi ya sa a shafuka da yawa za ka tarar masu ba da biyar sun yi yawa, masu ba da ɗaya na nan, masu uku kuwa sai an laluba.

A Bauchi akwai ƙarin abin lura, wato su wane ne masu rubutun. A abin da nake gani, yawanci matafiya ne masu wucewa zuwa Yankari, da ɗaliban Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU), da masu yi wa ƙasa hidima da aka turo daga wasu jihohi. Suna da haƙƙin faɗin ra'ayinsu, amma abin da suke dubawa daban ne: akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai wurin ajiye mota, POS yana aiki? Baƙon da bai taɓa shan miyar taushe ba yana iya ba ta biyu don harshensa bai saba ba, ba don an kasa girki ba. Matar da ake layi a kan tandarta tun asuba kuwa, sau da yawa ko a taswirar ba ta.

Sai kuma halinmu na kara da kawaici. Bahaushe idan bai ji daɗin abinci ba, da wuya ya tona asirin mai shi a bainar jama'a, sai dai ya ɗauke ƙafa. Idan kuma ɗan'uwa ya buɗe sabon wuri, sai a watsa a zauren WhatsApp na dangi, kowa ya zuba biyar tun kafin ya ɗanɗana. Na san zumunci ne, amma yaudarar baƙo ce, kuma cutarwa ce ga maƙwabcin da ba shi da dangi masu manyan wayoyi.

Makin farko yana jan na baya. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2013 ya nuna cewa idan aka fara ba wani sharhi ƙuri'ar yabo da gangan, makinsa na ƙarshe yakan ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100. A 2017 wani ɗan jarida a Landan, Oobah Butler, ya sa gidan abincin da babu shi a duniya ya zama na ɗaya a birnin a TripAdvisor, shafin da matafiya ke ba gidajen abinci da otal maki, da sharhin ƙarya kawai.

Abin da ya sa nake damuwa shi ne lambar tana taɓa aljihun mutane. Michael Luca na jami'ar Harvard ya yi nazarin gidajen abinci na birnin Seattle a Amurka, ya gano a 2011 cewa ƙarin tauraro ɗaya a Yelp, wani shafin ba wuraren kasuwanci maki, yana ƙara ciniki da kashi 5 zuwa 9 cikin 100. Nasu can ne, amma lissafin ya fi zafi inda masu rubutu ba su da yawa. Wurin da mutum huɗu suka ba biyar, idan mutum na biyar ya ba shi ɗaya don an ɗauke wuta abinci ya makara, ya sauko daga 5.0 zuwa 4.2 a rana ɗaya. Wurin da mutum ɗari huɗu suka auna, ko gezau ba zai yi ba.

Don haka kafin ka yanke hukunci, duba lambar da ke kusa da taurarin, wadda ke nuna mutum nawa suka bayar. Karanta abin da masu uku da huɗu suka rubuta, don su suka fi faɗin mai kyau da marar kyau tare. Duba lokacin sharhin kuma, domin mai girkin da aka yaba shekara uku baya ƙila ya bar wurin. Masu gidajen abinci suna da damar amsa kowane sharhi a fili, suna kuma iya kai ƙarar na ƙarya ga Google, ko da yake ba kowanne ake cirewa ba.