Waiwaye: yadda rabon filaye ya tsara birnin Damagaram

Wanda ya bi ta lungunan Birni, tsohon gari, sannan ya fito sababbin unguwannin gefen gari zai ga tsari iri biyu a Zinder, wato Damagaram, a ƙasar Nijar. A Birni lungu na lanƙwasa yana bin dutse da gidajen dangi, wani wurin amalanke ma ba ta wucewa. Haka aka zauna tun ƙarni na 19, lokacin da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ganuwa, fili kuwa a hannun sarki da masu unguwa yake. Zango ya tashi a arewa domin saukar fatake da ayarin raƙuma.

Faransawa sun kama garin a 1899, suka mai da shi hedkwatar mulkinsu na Nijar a 1911. Su ne suka kawo miƙaƙƙun tituna da filaye masu kusurwa huɗu, Sabon Gari ya cike tsakanin Birni da Zango. A 1926 aka mayar da hedkwata Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan. Garin a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da ruwan kirki, shi ya sa har yau daga nesa ake jawo shi: Gogo da Machaya, Arunguza, daga baya Ganaram.

Bayan samun 'yancin kai a 1960, lotisma, wato yanka filaye a raba su don gini, ta zama babbar hanyar faɗaɗa gari. Ana karɓar gonakin gefen gari, a biya masu su, sau da yawa da wani kaso na filayen da za a yanka. Masu awo su zana taswira, su fitar da tituna, su keɓe wurin makaranta da asibiti da kasuwa, su kafa duwatsun iyaka. Fili mai mita 20 a tsawo da 20 a faɗi shi ne wanda mutane suka fi sani. Daga nan ma'aikatar magajin gari ta sayar, ta ba mai saye takarda.

A ƙa'ida, kafin a sayar sai an share hanyoyi, an binne bututun ruwa, an kafa turakun lantarki, an haƙa magudanai. A nan ne aikin ke yawan karkacewa. Kuɗin filaye sun daɗe suna cike giɓin kasafin gari, don haka sayarwa ke riga aiki. Sai ka ga unguwa ta cika da gine-gine, amma da asuba mata da yara na layi da jarkoki, 'yan ga-ruwa na tura kura cikin rairayi. Kai bututu bayan an gama gini ya fi tsada, domin sai an fasa abin da aka riga aka yi. Filayen da aka keɓe wa jama'a kuwa, in ba a katange su ba, a hankali ake gutsure su.

Wanda ba shi da kuɗin fili mai takarda yakan saya kai tsaye daga mai gona, ko ya gina a bakin tabki. Tafkunan nan, waɗanda da yawansu ramukan ɗibar ƙasar gini ne, su ke shanye ruwan sama tunda dutse ba ya sha. In aka cike su da shara aka yi gini a kai, ruwa zai nemi hanyarsa ta cikin gidaje. Daminar 2024 ta yi ɓarna ƙwarai, har tsohon masallacin Birni ya rushe a watan Satumba.

An samu gyara. Dokar tsara birane ta 2017 ta shimfiɗa ƙa'idoji, shirin Zinder Sabuwa na 2018 ya kawo tituna da gine-gine, sai dai yawanci a tsakiyar gari. A gefe, inda jami'ar da aka kafa a 2010 ke jan sababbin gidaje, abin da ya kamata a fara yi kafin kowace lotisma shi ne auna gangaren ƙasa, a fitar da hanyar ruwan sama da iyakar kowane tabki, a sa musu takarda da sunan gari.