Tsimi: yadda ɗalibi ke kai kuɗinsa ƙarshen wata

Idan aka ce ɗalibi yana da tsimi, ana nufin ya yanke wa kowace naira inda za ta tun kafin ta bar hannunsa. Mutane kan haɗa shi da rowa, alhali ba su haɗa hanya ba. Marowaci yana da kuɗin amma yana hana kansa da na kusa da shi abin da ya wajaba. Mai tsimi kuwa yana kashewa, sai dai cikinsa da karatunsa da lafiyarsa su ne a gaba, abin da ido ya gani ya so yana biyo baya. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi waɗanda idan za su ciyar ba sa almubazzaranci kuma ba sa ƙwauro, suna tsayawa a tsakani.

Maganar ta ƙara nauyi a makarantun gaba da sakandare tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023. Kuɗin mota da na abinci suka tashi, jami'o'in tarayya da dama suka ƙara kuɗin rajista, iyaye kuma suna fama da nasu. A 2024 aka fara bayar da bashin karatu ta asusun gwamnatin tarayya mai suna NELFUND, wanda ke biyan kuɗin makaranta kuma yana ba wanda ya nema naira 20,000 a wata domin ɗawainiyar yau da kullum. Raba wannan gida 30, za ka ga bai kai naira 700 a rana ba. Shi ya sa har yanzu ɗalibai ke maganar "1-0-1", wato a karya, a tsallake na rana, a ci na dare.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke ɗaukar kuɗin nan kamar kyauta. Bashi ne. Ba shi da ruwa, gaskiya, amma za a fara biya shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Wanda ya ci shi a shawarma da sabuwar rigar waya, gumin gobe ya cinye.

Kuɗin ɗalibi ba kasafai babbar sayayya ke cinye shi ba, ta waya yake zurarewa. Alat ya shigo da safe. Kafin la'asar an sayi data, an biya katin da aka ara har da ladan kamfani, an tura wa aboki dubu biyu "zuwa jibi", an cire dubu biyar a wurin mai POS ya ɗauki cajinsa. Ba a ƙirga takarda ko ɗaya da hannu ba, don haka zuciya ba ta ji zafin rabuwa da su ba. Sai a wayi gari ranar goma ga wata ana cewa an rasa inda kuɗi suka shige. Ga manhajojin caca da na bashin gaggawa suna jira a daidai wannan gaɓar, kuma wanda ya faɗa musu da wuya ya fita da mutuncinsa.

Mai tsimi ranar da kuɗi suka shigo yake yin aikinsa. Kafin ya taɓa komai zai ware na abinci, na fotokwafi da takardun darasi, na mota, na data. Na abincin ba zai bar shi a asusu ba, kasuwa zai nufa ya mayar da shi awo: shinkafa, wake, garin kwaki, manja, barkono. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello da ke shiga kasuwar Samaru su uku ko huɗu su haɗa kuɗi su yi awo tare, su riƙa girki a tukunya ɗaya, sun fi wanda ke sayen kwano-kwano a kanti samun sauƙi nesa ba kusa ba.

Wuri mafi wuya shi ne mutane. Ƙawa ta fitar da ankon biki, abokin ɗaki ya zo rance, ana jin nauyin a ce babu. Tsimi bai hana taimako ba, amma a bayar daga abin da aka ware don haka, kuma a iya cewa "wallahi wannan watan ba hali" ba tare da jin kunya ba. Adashi ma yana da amfani idan da amintattu ake yi kuma zubin bai taɓa kuɗin abinci ba.

Akwai kaso biyu da ya kamata a ɓoye tun farkon zango, ko a wani asusu daban ko a hannun wani babba: kuɗin magani idan zazzaɓin cizon sauro ya kayar da mutum ana tsakiyar jarrabawa, da kuɗin motar komawa gida, domin yajin aiki ko rufe makaranta kan zo ba shiri, kuma a irin ranar tasha ba ta yi wa kowa ragi.