Tsofaffin mawaƙan pop da rok: me ya sa matasan yau ke komawa gare su?

Da gaske ne matasa na sauraron waƙoƙin da suka girmi iyayensu?

Ƙwarai kuwa. Labarin Kate Bush, mawaƙiyar Ingila, ya isa hujja. Ta fitar da "Running Up That Hill" a 1985, waƙar ta yi tashenta ta lafa. Sai a 2022 masu shirin Stranger Things na Netflix suka sa ta a wani fage mai ɗaga hankali. Cikin 'yan makonni ta hau lamba ɗaya a jadawalin waƙoƙin Birtaniya, ta kai ta uku a Amurka, inda a 1985 ta tsaya a ta 30. Mawaƙiyar tana da shekara 63 a lokacin, kuma rabonta da lamba ɗaya tun 1978. Yawancin waɗanda suka ɗaga waƙar ba a ma haife su ba lokacin da aka rera ta.

To ashe fim ne ya yi aikin, ba waƙar ba?

Fim ƙofa ce kawai. Ana sa tsofaffin waƙoƙi birjik a finafinai da tallace-tallace, mafi yawansu a ji su a wuce. Wadda ta kama zuciya ce ake fita nema a waya bayan an kashe talabijin.

Wani lokaci ma ba a buƙatar fim. A 2020 wani bawan Allah a jihar Idaho ta Amurka motarsa ta lalace, sai ya hau katakon zamiya mai tayoyi ya nufi wurin aiki, yana kurɓar lemo yana bin waƙar "Dreams" ta ƙungiyar Fleetwood Mac. Ya ɗora bidiyon a TikTok. Waƙar 1977 ce, amma ta sake shiga jadawalin waƙoƙin Amurka na Billboard, kundin da take ciki ya koma cikin goma na farko. Ba kamfanin da ya tsara wannan. Har makaɗin gangar ƙungiyar, Mick Fleetwood, sai da ya yi nasa bidiyon yana kwaikwayon mutumin.

Ƙungiyar Queen kuma ta babbar ƙofa ta shigo. Fim ɗin rayuwar babban mawaƙinta Freddie Mercury, wanda aka haifa a Zanzibar a 1946 ya rasu a 1991, ya fito a 2018 ya tara fiye da dala miliyan 900. Waƙar da fim ɗin ya ari sunanta, "Bohemian Rhapsody", kusan minti shida ce, kuma ba ta da amshin da ake maimaitawa. A zamanin da ake cewa yara ba sa iya sauraron abu na daƙiƙa talatin, sai ga su sun haddace ta daga farko har ƙarshe.

Wa ke cin ribar wannan dawowa?

Mai haƙƙin mallaka. Duk lokacin da aka saurari waƙa a Spotify ko aka sa ta a fim, kuɗi na shiga aljihunsa. Shi ya sa manyan kamfanoni suka shiga rububin sayen tsofaffin waƙoƙi kamar masu sayen filaye a bakin gari. Bob Dylan ya sayar wa Universal haƙƙin waƙoƙin da ya rubuta a 2020, kan kuɗin da aka ruwaito sun haura dala miliyan 300. Bruce Springsteen ya sayar wa Sony nasa a 2021 kan kusan miliyan 500. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai bar waƙar ta kwanta ba, zai yi ta cusa ta a fim da talla. Don haka idan ka ga tsohuwar waƙa ta farfaɗo, wani lokaci akwai hannun 'yan kasuwa a ciki.

Waɗanda suka rasu ko ƙarfinsu ya ƙare fa?

Nan fasaha ta shigo. Ƙungiyar Beatles ta watse tun 1970, an kashe ɗaya daga cikin mawaƙanta, John Lennon, a 1980, amma a Nuwamban 2023 ta fitar da sabuwar waƙa. Lennon ya taɓa naɗar ta a kaset a gidansa, muryarsa ta cakuɗe da sautin fiyano. Manhajar kwamfuta ce ta tsame muryar ita kaɗai, Paul McCartney da Ringo Starr, 'yan ƙungiyar da suka rage a raye, suka ƙarasa sauran. Ta hau lamba ɗaya a Birtaniya.

'Yan ABBA na Suwidin sun fi haka zaƙewa. Tun Mayun 2022 ake nuna wasansu a wani zaure mai cin mutum 3,000 a Landan: makaɗa goma na gaske a kan dandamali, su kuwa mawaƙan hotunan kwamfuta ne da siffarsu ta ƙuruciya. Ni dai wannan bai kwanta mini ba, amma zauren cika yake yi.

Mene ne ke raba waƙar da ke ɗorewa da wadda ke mutuwa da zamaninta?

A ganina, a tuɓe mata kayan kiɗan zamaninta a ga ko za ta tsaya da ƙafarta. Tracy Chapman ta rera "Fast Car" a 1988 da jita kusan ita kaɗai. Labarin wata ce da ta bar makaranta don ta kula da mahaifinta mashayi, tana aiki a kanti, tana mafarkin barin talauci. A 2023 Luke Combs, mawaƙin kiɗan karkarar Amurka, ya sake rera ta, bai ma canza kalmomin da ke nuna mace ce ke magana ba. Waƙar ta ci kyautar waƙar shekara ta CMA, ƙungiyar masu kiɗan karkarar Amurka, Chapman ta zama baƙar fata mace ta farko da ta karɓe ta. A Fabrairun 2024 su biyun suka rera ta tare a bikin Grammy, ita da furfura a ka, jita a hannu, jama'ar zauren suka miƙe tsaye.