Dokar rabon wuta a tseren Formula E: me ya sa na gaba yake ɗaga ƙafa?

Tun da aka ɗauke tseren motocin lantarki na Formula E daga Diriyya, kusa da Riyad, aka kawo shi bakin Bahar Maliya a Jidda a watan Fabrairun 2025, 'yan uwanmu da dama, musamman direbobi da makanikai, suka fara bin sa a waya da talabijin. Tambayar da take yawan tasowa a majalisunmu, daga Hindawiyya har Shari'a Mansur a Makka, ita ce yadda za a yi mutum yana kan gaba a tsere, sannan da gangan ya sassauta har na baya ya wuce shi. Amsar tana cikin ƙa'ida guda da hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta gindaya, kuma a ganina wanda bai fahimce ta ba, ko ya kalli tseren daga farko har ƙarshe, rabinsa kawai ya gani.

Ƙa'idar ita ce kowace mota tana da rabon wutar da aka yarda ta sha daga batirinta a tsere guda, kuma a kakar 2024 zuwa 2025 iyakar rabon kilowat-awa 38.5 ne (kilowat-awa shi ne ma'aunin yawan wutar da aka sha). Batirin da gangar jikin motar iri ɗaya ne ga kowa. Abin da aka bar wa kamfanoni irin su Nissan, Porsche da Jaguar su ƙera da kansu shi ne injin lantarkin baya da abin da ya danganci sarrafa shi. Duk direban da ya zarce rabonsa, soke sakamakonsa ake yi ko da shi ya fara tsallake layi. Saboda haka sifilin da ake nunawa a allo kusa da sunan direba ba lallai ne ya zama batir ya mutu murus ba, abin da doka ta ba shi ne ya ƙare.

Da gangan aka yanka rabon yadda ba zai isa a taka mota iya ƙarfinta daga farko zuwa ƙarshe ba. Lamarin kamar guzurin matafiyi ne da aka auna masa daidai kwanakin hanya: in ya ci da yawa a farkon tafiya, ƙarshenta zai gaya masa. Shi ya sa direba yake ɗaga ƙafa daga totur tun kafin ya iso kwana, ya bar motar ta gangara, sannan ya ja birkin da yake juya injin ya koma janareta, ya mayar da wuta cikin batir. A motocin ƙarni na uku da suka fara aiki a 2023, wannan birki yana iya mayar da wuta da ƙarfin kilowat 600, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na wutar da mota take amfani da ita a tsere daga nan take fitowa. Sai kuma iska: motar da take gaba ita ce take tsaga ta, tana shan wuta fiye da wadda ta laɓe a bayanta. Wannan ne dalilin da ya sa a wasu tituna babu mai son jan ragama da wuri, kowa yana jiran zagayen ƙarshe. Akwai masu ganin hakan ya rage wa tseren armashi, ni ma nakan ji haushi idan abin ya yi yawa, amma lissafin da direba yake yi da injiniyansa ta rediyo, yana gudu tsakanin bangon kankare biyu, ba ƙaramar gwaninta ba ce.

Dokar ta taɓa jawo abin kunya. A da, idan motar kiyaye haɗari ta fito ta rage wa kowa gudu, ana zaftare kilowat-awa 1 daga rabon kowa a kan kowane minti. A Balensiya ta ƙasar Sifen, a watan Afrilun 2021, ruwan sama ya sa motar ta fito sau biyar, aka yi ta zaftarewa, har a zagayen ƙarshe motoci suka dinga rarrafe, tara kacal aka lissafa sun kammala, Nyck de Vries ya yi nasara. Daga baya aka sauya tsarin, yanzu zagaye ake ƙarawa a madadin lokacin da aka ɓata.

A kan wannan tushe aka ɗora damar farmaki, wadda a hukumance ake kira Attack Mode, kuma a Diriyya aka fara amfani da ita a watan Disambar 2018, ranar da António Félix da Costa ya ci tseren farko a Saudiyya. Akwai wani gefen titi da aka shata a wajen layin da ya fi sauri. Direba zai danna maɓalli a sitiyari, ya ratse ya bi ta kan na'urorin da aka binne a wurin, sai ƙarfin motarsa ya tashi, a motocin ƙarni na uku daga kilowat 300 zuwa 350, kuma tun kakar 2024 zuwa 2025 tayoyi huɗu ne suke ja a wannan lokaci. Ratsewar tana sa a wuce shi, ƙarin ƙarfin kuma daga rabonsa yake ci, ba kyauta ba ne. Shiga damar wajibi ne. A Miyami, a watan Afrilun 2025, Norman Nato ne ya fara tsallake layi, amma da yake mintocin farmakinsa ba su ƙare ba kafin a tashi, aka ƙara masa daƙiƙa 10, nasara ta koma hannun Pascal Wehrlein.

Sabuwar ƙa'idar da aka fara a nan Jidda, ranar 14 ga Fabrairun 2025, ita ce tsayawar caji, wato Pit Boost. Daga 2014 da aka fara gasar a Beijin har zuwa 2018, batir ba ya kai tsere, sai direba ya shigo gareji ya fito daga mota ya faɗa wata. Yanzu kuwa motar ake tsayarwa daƙiƙa 34, a cikinsu a yi daƙiƙa 30 ana ɗura mata wuta da ƙarfin kilowat 600, ta samu ƙarin kashi 10 cikin 100, wato kilowat-awa 3.85. Sharuɗɗan suna da tsauri: ba a shigowa sai cajin batir yana tsakanin kashi 40 da 60, makanikai biyu ne kawai za su taɓa motar, na uku aikinsa ya tsayar da ita ya kuma sallame ta, sannan ƙungiya ba ta cajin motocinta biyu a lokaci guda, don haka dole a zaɓi wanda zai riga ɗan uwansa. A wannan dare, a titin Kornish da aka taƙaita zuwa kimanin kilomita 3, Oliver Rowland na Nissan ya shiga zagayen ƙarshe yana gaba amma wutarsa ta yi ƙasa, Maximilian Günther ya wuce shi a kwanonin ƙarshe. Washegari, a tseren da babu tsayawar caji, Rowland ya yi nasara, domin a ƙarshen makon da ake tsere biyu, ɗaya kawai ake yi da ita.

Mai kallo ya riƙa lura da cewa alƙaluman nan ana sake duba su kowace kaka. Motar ƙarni na huɗu da aka tsara za ta fara a kakar 2026 zuwa 2027 za ta kai kilowat 600 a lokacin farmaki, tayoyinta huɗu za su riƙa ja a ko da yaushe, rabon wutarta kuma zai kai kilowat-awa 55.