Wai meye RV ɗin nan da Turawa ke kwana a ciki?

Shekaranjiya bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida nan Tudun Wada sai ƙanina ya miƙo min waya, wai Yaya dan Allah kalli wannan, mata da miji ne sun sayar da gidansu sun tattara sun koma cikin mota, kuma ba wai talauci bane ya kore su. Na karɓa na kalla, mota ce doguwa kamar luxurious ɗin da ke tashi daga Mando zuwa Legas, amma ciki ga gado ga kicin ga firiji ga banɗaki har da 'yar kujerar zama a gefen taga, matar tana soya ƙwai mijin yana waje yana shan iska, bayansu wani ƙaton dutse. A ƙasan bidiyon an rubuta RV da #vanlife. Yace to meye RV ɗin, sunan kamfani ne? Nace a'a ba sunan kamfani bane, kuma tunda naga kalmar tana yawan fitowa a TikTok da YouTube bari kawai in yi bayanin gaba ɗaya kowa ya huta.

RV taƙaitawa ce ta Recreational Vehicle a Turancin Amurka, wato motar shaƙatawa, amma in kana son fassarar da ta fi kama ma'anar kace gidan tafi-da-gidanka, ko mota mai ɗaki. Duk abin hawan da aka yi masa wurin kwana da wurin girki a ciki ya shiga. A Ingila ba su cika cewa RV ba, su caravan ko motorhome za ka ji. Kuma kala-kala ne, akwai babbar da suke kira Class A, ita ce mai kama da luxurious, tsawonta na iya kaiwa ƙafa 45. Akwai ƙaramar Class B, wannan bas ce kawai irin Sprinter da aka gyara cikinta, ita ake nufi in an ce vanlife. Class C tana tsakiya, za ka gane ta da wani ɗan ɗaki da ya leƙo ta saman kan direba kamar goshi. Sai kuma waɗanda ba su da inji kwata-kwata, ɗaki ne a kan taya ake maƙala shi a bayan a-kori-kura a ja, in an isa a kwance shi a ajiye a tafi kasuwa da motar. Yawancinsu a yankin wani gari ake ƙera su mai suna Elkhart a jihar Indiana, manyan sunayen kuwa irin su Winnebago da Airstream ne, ita Airstream ɗin ce mai ƙyalli kamar sabuwar tukunyar alminiyam.

Abin ba sabo bane, tun wajen 1951 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia yake ɗaukar bas ɗin Volkswagen, kombi ɗin nan da iyayenmu suka sani, yana sa mata gado da kabad. Shi hashtag ɗin #vanlife ne ɗan kwanan nan, a 2011 wani matashi Foster Huntington ya bar aikinsa a New York ya shiga bas yana ɗora hotuna a Instagram, daga nan abin ya bazu.

To amma mutanen da ke cikin motocin nan ba iri ɗaya bane, kuma nan ne bidiyo yake ruɗa mutane. Mafi yawa suna da gidansu, motar tana ajiye a tsakar gida sai hutu a fita da iyali sati ɗaya ko biyu a dawo. Waɗanda ƙanina ya gani su ne 'yan dindindin, ba su da wani gida sai ita, rani da damina. Cikinsu akwai tsofaffin da suka yi ritaya suna bin yanayi, sanyi ya shigo su gangara kudu zafi ya zo su haura arewa, har akwai wani ɗan ƙauye a hamadar Arizona mai suna Quartzsite da ke cika maƙil da su duk lokacin hunturu. Akwai matasa masu aiki ta intanet, laftof da sola da Starlink shikenan ofis ya haɗu. Sannan akwai waɗanda ba a cika ɗauka a bidiyo ba, waɗanda kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, mota ce ta rage musu, suna bin aikin wucin gadi daga wannan jiha zuwa waccan kamar 'yan cin rani. A kansu aka yi fim ɗin Nomadland da ya ci kyautar Oscar a 2021. Kaga kenan wani marmari ne ya kai shi, wani kuwa dole ce, amma daga nesa duk motar iri ɗaya ce.

Yanzu ga inda nake so a tsaya da kyau, maganar ruwa. Motar tana da tanki uku, ɗaya na ruwa mai kyau, ɗaya na ruwan wanka da wanke-wanke, na ukun shi suke kira baƙin tanki, kuma ba sai na faɗa maka abin da ke ciki ba, masai ne kake yawo da shi a ƙarƙashin gadonka. In ya cika, kwana kaɗan ko sati gwargwadon yawanku, sai ka nemi wurin da aka tanada don juyewa, ka sa safar hannu ka jona wani ƙaton tiyo ka buɗe da kanka, ba yaron gida ba mai kwasa. Wannan ba a sa masa kiɗa mai daɗi a ɗora. Ni da na lissafa ma sai naga ruwan ba zai ishi Bahaushe ba, alwala sau biyar ga tsarki ga wankan Juma'a ga wanke tukunyar tuwo, su fa mutanen nan wanka suke na minti biyu, a jiƙa jiki a kashe famfo a shafa sabulu a sake buɗewa. Wuta kuma daga batir da faifan sola a saman rufi, ko ƙaramin janareto, girki da gas. Wannan ɓangaren kam mun fi su gogewa, NEPA ta riga ta horar da mu.

Ina suke kwana? Akwai filaye na musamman da ake biya, kowace mota da gurbinta, ga soket na wuta ga famfo ga ramin juye tanki, ni zango nake kiransa don shi ne daidai, yadda fatake suke sauka da ayarinsu a huta a shayar da dabbobi a wuce. Wanda baya son biya sai ya shiga daji, domin a yammacin Amurka gwamnatin tarayya tana da filaye masu faɗin gaske ƙarƙashin wata hukuma da ake kira BLM, a mafi yawan wuraren za ka iya zama kyauta har kwana 14 sannan ka matsa gaba. Wasu shagunan Walmart ma suna bari a kwana ɗaya a filin fakin ɗinsu in manaja ya yarda. Da safe a ɗaura takalmi a ɗauki gora da sanda a hau duwatsu, wannan tafiyar ƙasa ta nishaɗi ita ce hiking, wasu har su bar motar su kafa tanti a can sama su kwana. Akwai wata hanyar ƙafa, Appalachian Trail, daga Georgia zuwa Maine, ta haura mil 2,000 ta ratsa jiha 14, mutane na shafe wata biyar zuwa bakwai suna takawa, ba wanda ya aike su.

Wani abin da ya ban dariya shi ne adireshi. Hukuma bata san mara gida ba, lasin tuƙi da inshora da banki duk sai da adireshi, don haka sai su yi rajista a jihohi irin Texas ko Florida ko South Dakota inda babu harajin jiha a kan albashi, su biya wani kamfani yana karɓar musu wasiƙu. A nan kuwa ka je neman aure a ce ina gidanku za mu turo a yi bincike, kace ai yau ina Kawo gobe ina Kafanchan, wallahi ko ruwa ba za a baka ba.

Kuma fa mu daina yi kamar ba mu taɓa ganin irin wannan rayuwa ba. Bafulatanin da ke tashi da rugarsa ya bi ciyawa da ruwa, bukka da ƙwarya da tabarma duk a bayan sa ko jaki, shekara nawa yana yi? Direban tirela da ke shimfiɗa a ƙarƙashin motarsa a Mararrabar Jos ko Tafa, ga risho ga buta ga gidan sauro, wata guda bai ga iyalinsa ba, shi me sunan nasa? Bature ya yi da sola da kyamara an ce masa ɗan 'yanci, namu ya yi an ce bai waye ba ko wahala ce ta ishe shi. Wannan yana min ciwo gaskiya.

Ƙanina dai yace to Yaya mu me zai hana. Nace motar ba matsala bace, ka samo tsohuwar J5 ko Hiace ka kai Panteka, masu walda da kafintocin can in ka nuna musu hoton sau ɗaya za su fitar maka da gado da kabad da tanki, mai sola ya ɗora nasa. Wurin zuwa ma akwai, ga Dutsen Kufena a Zariya, ga ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ga tsaunukan Kagoro, ka miƙa Bauchi ka yi wanka a Wikki cikin Yankari. Mai ne farkon abin da zai kama ka, babbar RV lita ɗaya bata wuce kilomita 3 zuwa 4, kai lissafa Kaduna zuwa Kano da kanka tunda aka cire tallafi a Mayun 2023. Amma ko man kyauta ne, duk rayuwar nan a kan abu ɗaya take tsaye, ka faka a dajin da baka san kowa ba ka kashe fitila ka yi barci har asuba. Muna da gandun dajin Kamuku a Birnin Gwari, kowa ya san su wa suka shafe shekaru suna zaune a dazukan wajen. Mutumin da har yau in zai hau hanyar Abuja sai ya yi ta kallon agogo kada magariba ta same shi, shi za ka ce ya kwana a gefen dutse da farar mota mai sola tana sheƙi?

Muna cikin haka Hajiya ta fito za ta shiga maƙwabta, ta ji ƙarshen zancen, ƙanina ya nuna mata bidiyon. Ta kalla ta kalla, tace to in an yi musu rasuwa ina mutane za su zauna gaisuwa, kuma wa ya bar yarinyar nan tana girki kusa da gado. Shi dai yanzu ya sauko, yace ranar Asabar za su hau Kufena da abokansa, su tafi da sassafe su dawo kafin la'asar, kuma wai in ara masa takalmina.