Dakali na Huɗu a Dandalin Trafalgar

Dakali na Huɗu wani dakalin dutse ne a kusurwar arewa maso yamma ta Dandalin Trafalgar da ke tsakiyar birnin Landan. An gina shi a 1841 domin ɗora mutum-mutumin Sarki William na Huɗu bisa doki, amma kuɗi suka gaza, ya zauna fayau sama da shekara 150. Sauran dakalai ukun na ɗauke da Sarki George na Huɗu da janar-janar biyu na zamanin mulkin mallaka a Indiya, Henry Havelock da Charles Napier.

Daga 1999 aka fara ɗora ayyukan masu fasahar zamani, kowanne na ɗan lokaci. Yanzu ofishin Magajin Garin Landan ke kula da shirin. Akan tace masu fasaha kaɗan, kowa ya ƙera ƙaramin samfuri, a baje wa jama'a su faɗi ra'ayi, sannan kwamiti ya zaɓa. Dole aikin ya jure iska da ruwan sama da kashin tattabaru. A 2009, da Antony Gormley ya sa mutum 2,400 suka hau dakalin, kowa awa ɗaya, har kwana 100, sai da aka kewaye shi da raga don kada wani ya faɗo.

Ayyukan da suka fi tasiri su ne masu mayar wa dandalin martani. A 2010 Yinka Shonibare, wanda ya tashi a Legas, ya saka samfurin jirgin yaƙin Nelson, kwamandan sojan ruwan Birtaniya a yaƙin Trafalgar, cikin ƙatuwar kwalba, ƙyallayen jirgin kuwa na atamfa. Zanen atamfa daga Indonesiya ya samo asali, Turawan Holan suka sarrafa shi, kasuwarsa tana Afirka ta Yamma. Tarihin ciniki da mulkin mallaka ke nan, ga shi a gaban hasumiyar Nelson ɗin kansa da ke dandalin. A 2018 Michael Rakowitz ya sake ƙera mutum-mutumin bijimi mai fikafikai na Nineba, tsohon birni a Iraƙi, wanda ISIS ta farfasa a 2015, da gwangwanayen zumar dabino na Iraƙi 10,500.

A 2022 Samson Kambalu ɗan Malawi ya kafa John Chilembwe, limamin cocin da ya jagoranci bore wa Turawan mulkin mallaka a ƙasar a 1915, sanye da malafa kusa da wani Bature ɗan mishan. A lokacin an hana baƙar fata sa hula gaban Bature. Kambalu ya yi Chilembwe ya fi Baturen girma nesa ba kusa ba.