Katalist: kalmar da ake ta yi wa gurguwar fahimta

Kwanan nan da wuya ka saurari shirin siyasa a gidajen rediyon Gombe ba ka ji kalmar katalist ba. Sabuwar hanya katalist ce ta ci gaba, rancen gwamnati katalist ne na tattalin arziki, har rabon tallafi ma an laƙaba masa sunan. Abin da masu maganar ke nufi shi ne wani abu mai ingizawa, kamar man da ake zuba wa inji, kuma nan ne abin yake damuna. Mai yana ƙonewa ya ƙare, shi kuwa katalist, a ilimin sinadarai inda Berzelius ɗan ƙasar Suwidin ya raɗa wa wannan aiki suna a 1835, abu ne da ke gaggauta haɗuwar sinadarai amma ya fito yadda ya shiga. Kuɗin da aka kashe suka tafi ba su cancanci wannan suna ba. Haka kuma katalist ba ya mai da abin da ba zai yiwu ba ya yiwu, gajerar hanya kawai yake buɗe wa abin da dama zai iya faruwa.

Takin yuriya da manoman masara ke saye kowace damina ya isa misali. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa nitirojin ne, amma ƙwayoyin zarrarsa suna tafiya bibbiyu, a ɗaure da juna tamau, shi ya sa shuka ba ta iya amfani da shi kai tsaye. Fritz Haber ya nuna a 1909 cewa za a iya haɗa shi da iskar haidirojin a samu amoniya, wadda da ita ake yin yuriya, Carl Bosch kuma ya kai aikin masana'anta a Jamus a 1913, inda baƙin ƙarfe ya zama katalist. Daga baya Gerhard Ertl, wanda ya sami kyautar Nobel a 2007, ya bayyana abin da ke faruwa dalla-dalla: nitirojin yana manne wa fuskar ƙarfen, ƙarfen ya ba shi ilektaron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da ke cikin zarra, har ɗaurin ya tsinke, kuma wannan tsinkewar ita ce matakin da ya fi jinkiri. Sai ƙarfen ya saki amoniyar, ya koma jiran na gaba. Idan riƙon ya yi sako-sako ba abin da zai tsinke, idan ya yi tsanani kuma fuskar ta cushe aiki ya tsaya. A ganina wannan riƙo da saki shi ne zuciyar kalmar, kuma shi ne masu jawabi ba sa taɓa ambata.

Lissafa ƙarfin riƙon nan a kwamfuta aiki ne mai wuyar gaske, domin ilektaron suna ture juna, motsin kowanne ya dogara da inda sauran suke a wannan lokacin. Hanyar lissafin da ta sa Walter Kohn ya sami Nobel a 1998 tana ƙiyasta wannan alaƙa ne kawai, kuma ƙiyasin yana iya kuskure. A 2001 masana suka nuna cewa lissafin da aka saba yi yana ajiye gubar kabon monoksaid a gurbin da ke tsakanin ƙwayoyin zarra uku a fuskar ƙarfen filatinam, alhali gwaji ya tabbatar a kan ƙwaya ɗaya take zama.

Wannan filatinam ɗin, tare da faladiyam da rodiyam, shi ne a cikin abin da makanikai ke kira indomie a salansar mota, mai mai da gubar hayaƙi iska marar kisa nan take. Duk motar da aka cire mata shi aka sayar, gubarta a titi take zubawa, masu talla da 'yan acaɓa su shaƙa.